Yadda Ake Gina Jimlar Turanci Daga Tushe

Yawancin masu koyon Turanci ba ƙarancin kalmomi ne ke kayar da su ba. Za ka tarar mutum ya haddace kalmomi ɗari bisa ɗari, ya san sunan duk abin da ke cikin ɗaki, amma da an ce ya haɗa jimla ɗaya sai ta fito a karkace. Abin da ya faru shi ne ya ɗebo kalmomin Turanci ya jera su a kan tsarin Hausa. Wani lokaci a dace, domin harsunan biyu sun yi tarayya a abubuwa da dama, wani lokaci kuma a yi ɓatan kai. Saboda haka a nan ba za mu fara da haddar rabe-raben kalmomi kamar yadda aka saba a aji ba. Jimla za mu bi tun daga ƙashin bayanta, kuma a kowane mataki mu duba inda Hausarka za ta taimake ka da inda za ta yaudare ka.

Mataki na farko: jerin kalmomi

Turancin da ake yi a Ingila kafin Normawa, mutanen arewacin Faransa, su ci ƙasar da yaƙi a shekarar 1066 yana da ɗafe-ɗafe a ƙarshen sunaye, masu nuna wanda ya yi aiki da wanda aikin ya faɗa wa. A ƙarnukan da suka biyo baya galibin ɗafe-ɗafen nan suka zube, sai nauyin ya koma kan wurin da kalma ta zauna. Shi ya sa *The dog chased the boy* da *The boy chased the dog* kalmominsu ɗaya ne amma labarinsu ya sha bamban. A ta farko kare ne ya kori yaro, a ta biyu yaro ne ya kori kare.

Jerin shi ne aikau, wato mai yin aikin, sai aikatau, wato kalmar aikin, sai karɓau, wato wanda aikin ya faɗa wa. A nan ka yi sa'a, don Hausa ma haka take. "Audu ya buɗe ƙofa" ita ce *Audu opened the door*. Sai dai ka lura da 'yar kalmar nan "ya" da ke tsakanin Audu da aikatau, wadda masu nazarin nahawu ke kira zagi. Hausa ba ta yarda a yar da ita ba, Turanci kuwa bai san da zamanta ba. Wanda ya ce *Audu he opened the door* Hausa ya yi da kalmomin Turanci. Muddin ka ambaci sunan mutum, wakilin suna ya huta.

Abu na biyu, jimlar Turanci ba ta tsayuwa babu aikau, in ka cire ta umarni irin su *Sit down*. Ko da babu wanda ya yi aikin, sai an nemo wata kalma ta riƙe gurbin. "Ana ruwa" sai a ce *It is raining*. "Da zafi yau" sai a ce *It is hot today*. Kada ka wahalar da kanka wajen neman abin da *it* ke nufi a nan, gurbi kawai take cikewa. Haka "akwai" take komawa *there is* in abu ɗaya ne, *there are* in suna da yawa.

Kada kuma ka raba aikatau da karɓau. *I like English very much* ake cewa, ba *I like very much English* ba. In wuri da lokaci sun haɗu a ƙarshen jimla, galibi wuri ne ke gaba: *She went to school yesterday*.

Mataki na biyu: aikatau *be*

Wannan aikatau yana da siga takwas: *be, am, is, are, was, were, being, been*. Babu wani aikatau na Turanci da ya kai shi sauya kama, kuma babu wanda ya kai shi yawan fitowa. *Am* ta *I* ce ita kaɗai. *Is* ta mutum ɗaya ce ko abu ɗaya da ake magana a kansa. *Are* ta *you* da *we* da *they* ce. In lokaci ya wuce, *am* da *is* su koma *was*, *are* ta koma *were*.

Kusan aikin "ne" da "ce" yake yi, amma ya fi su faɗi. Bahaushe zai ce "Sunana Binta" ko "Yana gida" ba tare da "ne" ko "ce" ba, jimlar kuma ta cika. A Turanci dole: *My name is Binta*, *He is at home*. Akwai kuma yanayin jiki da na zuciya da Hausa ke faɗa da aikatau, Turanci kuma ya faɗe su da *be* da sifa. "Na gaji" ita ce *I am tired*, "na makara" *I am late*, "ina jin tsoro" *I am afraid*. Shekaru ma da *be* ake faɗarsu: "shekarata ashirin" *I am twenty years old*.

Da mai koyo ya gane muhimmancin *am*, sai ya shiga cusa ta ko'ina, ka ji *I am agree* ko *I am go*. *Agree* da *go* aikatau ne masu cin gashin kansu, ba sa neman tallafi: *I agree*, *I go*.

Mataki na uku: lokuta

A nan aikin yake, kuma a nan ya kamata ka fi daɗewa.

Dubi waɗannan: na tafi, ina tafiya, nakan tafi, zan tafi. Me ke sauyawa? Zagi ne. Shi ke ɗauke da lokaci, aikatau kuwa da kyar yake motsi. Turanci akasin haka yake. *I* tana nan daram, aikatau ne ke sauyawa ko ya ɗauko mataimaki irin su *am* da *will*: *I went, I am going, I go, I will go*. Kunnen Bahaushe ya saba neman lokaci kafin aikatau, saboda haka ba ya kula da abin da ke faruwa a wutsiyarsa. Da yawa daga kurakuran mai koyo daga nan suke tasowa.

Littattafan makaranta sukan jera lokuta 12. A ganina kada wannan ya razana ka. Biyar ne ke ɗauke da mafi yawan maganar yau da kullum, sauran kuma daga jikinsu ake gina su.

Na farko shi ne lokaci sabau, na abin da aka saba yi ko gaskiyar da ba ta sauyawa: *I work every day*, *The sun rises in the east*. Ƙa'idarsa guda ce, amma ta fi kowace saurin suɓucewa: in aikau *he* ne ko *she* ko *it* ko sunan abu ɗaya, aikatau zai ɗauki *s*. *She works. Audu teaches. The baby cries.* Ka lura yadda *s* ke yawo. In tana kan suna ba ta kan aikatau, in tana kan aikatau ba ta kan suna: *The boy plays*, amma *The boys play*.

Na biyu shi ne lokaci mai ci, na abin da ake cikin yi yanzu. Ana gina shi da *am* ko *is* ko *are*, sannan aikatau mai *ing*: *I am reading*. Biyun dole su zo tare, *I reading* ba jimla ba ce. Tarkon da ke nan shi ne "ina" ta Hausa ta fi *am ...ing* yalwa. Muna cewa "ina zuwa makaranta kullum", alhali sabo muke nufi, don haka Turancinta *I go to school every day*. Muna kuma cewa "ina da mota", "ina son karatu", "ina jin Faransanci". Ko ɗaya daga cikinsu ba ta karɓar *ing* a wannan ma'ana, domin ba aiki ake yi ba, hali ne ake ciki: *I have a car*, *I like reading*, *I understand French*. Aikatau irin su *know, want, need, believe, belong, own* duk wannan layi suke bi. Ta ɗaya ɓangaren kuma, "na sani" da "na gane" kamar shuɗaɗɗen lokaci suke a Hausa, amma Turancinsu *I know* da *I understand*. In ka ce *I knew*, ka nuna da can ne ka sani.

Na uku shi ne shuɗaɗɗen lokaci. Galibin aikatau *ed* ake ɗafa musu: *walked, played, wanted*. Rubutun ɗaya ne, furucin uku. A *walked* ana jin *t*, a *played* ana jin *d*, sai bayan *t* ko *d* kaɗai ake ƙara gaɓa, kamar *wanted* da *needed*. Gaɓar Hausa ba ta ƙarewa da baƙaƙe biyu a jere, shi ya sa harshe ke yar da na ƙarshe, *walked* ta koma *walk*. Abin da baki ya saba yarwa, hannu ma zai yar a rubutu. Maganinsa ka riƙa karatu da babbar murya kana fitar da ƙarshen kowace kalma, ko da a farko za ka ji kamar ka wuce gona da iri.

Sai kuma aikatau masu taurin kai, waɗanda ba sa bin *ed*. Waɗanda ake amfani da su sun kai wajen 200, kuma abin haushin shi ne su ne aka fi buƙata: *go, come, see, take, give, make, say*. Babu wata dabara da za ta raba ka da haddarsu, kowa ya ci zomo ya ci gudu. Amma kada ka bi jerin a, b, c na bayan littafi. Ka tara su dangi-dangi. Akwai waɗanda ba sa sauyawa sam: *cut, put, hit, shut*. Akwai masu ƙarewa da sauti ɗaya: *buy* da *bought*, *bring* da *brought*, *think* da *thought*, *teach* da *taught*. Akwai masu sauya wasali sau uku: *sing, sang, sung*, *begin, began, begun*, *swim, swam, swum*. Dangi ɗaya a mako ya isa, muddin kana saka kowanne a jimla taka ta kanka.

Na huɗu shi ne mafi wuya ga mai jin Hausa, wato *have* ko *has* tare da siga ta uku ta aikatau, irin su *sung* a jerin *sing, sang, sung*. Wahalarsa ita ce "na" guda ɗaya ta Hausa Turanci ya raba ta biyu. "Na ɓatar da makullina" tana iya zama *I lost my key*, tana iya zama *I have lost my key*. Ta farko labari ne na abin da ya wuce, wataƙila ma an tsinci makullin. Ta biyu tana cewa har yanzu ina tsaye a bakin ƙofa. Ga ma'aunin da ba ya kuskure: in ka ambaci lokacin da ya riga ya ƙare, irin su *yesterday*, *last week*, *in 2019*, *two days ago*, to shuɗaɗɗen lokaci za ka yi. *I saw him yesterday* daidai ne, *I have seen him yesterday* kuskure ne.

Wasu kalmomin Hausa za su yi maka ishara. Duk inda ka ji "taɓa", "riga", "tukuna" ko "tun", akwai alamar wannan lokaci ne ake nema. "Ka taɓa zuwa Faransa?" ita ce *Have you ever been to France?* "Ta riga ta tafi" ita ce *She has already left*. "Bai zo ba tukuna" ita ce *He hasn't come yet*. "Ina nan tun ƙarfe takwas" ita ce *I have been here since eight o'clock*, ba *I am here since* ba. *Since* tana nuna inda aka faro, *for* tana nuna tsawon da aka ɗauka: *since 2015*, amma *for ten years*. Za ka ji Amurkawa suna cewa *Did you finish yet?* inda mutumin Ingila zai fi cewa *Have you finished yet?* Dukansu ana yi, kai dai ka san da bambancin.

Na biyar, lokaci mai zuwa, ba shi da wata rigima. *Will* ta yi daidai da "za". *I am going to study law* tana nuna niyyar da aka riga aka ƙulla, *I will help you* kuma shawara ce da aka yanke nan take ko alkawari. *Will* tana da 'yan'uwa: *can, could, may, might, must, should, would*. Dukansu ba sa ɗaukar *s*, kuma aikatau da ke biye da su tsirara yake zuwa, ba *to*, ba *ed*, ba *ing*: *She can swim*, *You must go*.

Mataki na huɗu: korewa da tambaya

Ƙa'ida ɗaya ce ke riƙe da duka biyun: ka nemo mataimaki. In jimla tana da *be* ko *have* ta lokaci na huɗu ko ɗaya daga dangin *will*, korewa ita ce ka sa *not* a bayansa, tambaya kuma ka ciro shi ka kai shi gaban aikau. *She is coming. She is not coming. Is she coming?*

In babu mataimaki fa? Sai a yi aron *do*. Har cikin shekarun 1600 Turawan Ingila suna cewa *I know not*, amma a hankali *I do not know* ta kore ta, yau ita ce ƙa'ida. Abin da za ka riƙe shi ne, da zarar *do* ta shigo, ita ke kwashe duk kayan da ke kan aikatau. *She works* ta koma *She does not work*, *s* ta koma kan *does*. *He went* ta koma *Did he go?*, lokaci ya koma kan *did*. Wanda ya ce *Did he went?* ya nuna lokaci sau biyu.

A Hausa ɗaga murya kawai ya isa tambaya, ko a ƙara "shin" ko "ko". Shi ya sa *You are coming?* take zuwa baki da sauƙi. Ana jin ta a hira, musamman wajen nuna mamaki, amma a rubutu ka juya. Haka in akwai kalmar tambaya: *Where do you live? Why did she leave?* Banda wurare biyu. In kalmar tambayar ita ce aikau, ba a aron *do*: *Who called you?* In kuma tambayar ta shige cikin wata jimla, sai ta koma jerin magana: *I don't know where he is*, ba *where is he* ba.

Ga wani wuri da ke haddasa rashin fahimta ta gaske, ba ta jarrabawa kaɗai ba. In aka ce maka "Ba ka gan shi ba?" za ka iya cewa "E, ban gan shi ba", wato ka yarda da maganar mai tambaya. Bature ba mai tambaya yake amsa wa ba, abin da ya faru yake amsawa. *Didn't you see him?* In ba ka gan shi ba, *No, I didn't*. In ka gan shi, *Yes, I did*. *Yes, I didn't* ba ta da gurbi, kuma in ka tsaya a *yes* kawai, an ɗauka ka gan shi ke nan.

Korewa kuma sau ɗaya ake yin ta. "Ban ga kowa ba" ita ce *I didn't see anybody* ko *I saw nobody*. Ninka korewa tsohon abu ne a Turanci, har yau kuma ana jin *I didn't see nobody* a karin harshe da dama na Ingila da Amurka. Masu rubuta nahawu na ƙarni na 18, irin su Robert Lowth a 1762, su suka kafe cewa korewa biyu suna kashe juna. Hukuncinsu ne ya zauna a daidaitaccen Turanci, shi kuma mai duba takardarka zai bi.

Mataki na biyar: suna, jam'i, da *a* da *the*

Wanda ya iya gida da gidaje, littafi da littattafai, ƙasa da ƙasashe, jam'in Turanci ba zai ba shi tsoro ba. *S* ce ko *es*, sai 'yan tsiraru irin su *men, women, children, feet, teeth, mice, sheep*. Matsalar ba a gina jam'in take ba, a tuna amfani da shi take. Hausa ta yarda ka ce "shekara goma" ko "littafi uku", tunda adadin ya riga ya yi bayani. Turanci bai yarda ba: *ten years*, *three books*. Haka bayan *one of*: *one of my friends*.

*The* ita ce kalmar da ta fi kowace yawan fitowa a Turanci, saboda haka kuskure a kanta ba ya ɓoyuwa. Hausa ta ba ka rabin hanya. "Na ga wani yaro, yaron yana kuka": *I saw a boy. The boy was crying.* "Wani" da "wata" sun yi kusa da *a*, wato abin da mai sauraro bai san shi ba tukuna. Ɗafin nan na "yaron" da "motar" ya yi kusa da *the*, wato abin da ku biyun kuka san wanda ake nufi. Sauran rabin hanyar shi ne, Hausa tana barin suna ya tsaya shi kaɗai, "na sayi littafi", "ni malami ne". A Turanci sunan abu ɗaya da ake iya ƙirgawa ba ya tsayuwa haka. Dole wani abu ya riga shi, ko *a*, ko *the*, ko *my*, ko *this*: *I bought a book*, *I am a teacher*. Wannan ƙa'ida ita kaɗai, in ka riƙe ta, za ta share maka kurakurai masu yawa.

Abin da guda ɗaya ne tak a duniya *the* yake ɗauka: *the sun, the moon*. In kuma jinsin abu gaba ɗaya kake nufi, jam'i za ka yi ba tare da komai ba: *Children like stories*. Zaɓi tsakanin *a* da *an* kuwa kunne ke yin sa, ba ido ba. *An hour*, domin ba a furta *h*. *A university*, domin da sautin *y* ta fara.

Akwai sunayen da Turanci ya ɗauke su a dunƙule, ba ya ƙirga su, ko da a Hausa muna yi musu jam'i. Muna cewa shawarwari, bayanai, kayayyaki, amma *advice, information, furniture, luggage, equipment* ba sa ɗaukar *s*, ba sa ɗaukar *a*. In kana son guda ɗaya sai ka ce *a piece of advice*. Irin waɗannan da *much* suke tafiya, masu ƙirguwa kuma da *many*. *News* tana da *s* amma tilo ce: *The news is good*. *People* da *police* ba su da *s* amma jam'i ne: *The police are here*. *Everybody* kuwa, kamar "kowa", tilo ce: *Everybody knows*.

Mataki na shida: wakilin suna da sifa

Nan Turanci ya fi Hausa sauƙi, ba sai mun daɗe ba. Kai da ke da ku duk *you* ne. Abin da ba mutum ba *it* ne, komai jinsinsa a Hausa, don haka "motar ta lalace" ba za ta sa ka kira mota *she* ba. *I, he, she, we, they* na gaban aikatau ne, *me, him, her, us, them* na bayansa ne ko bayan kalmomi irin su *to, for, with, between*. A mallaka jeri yana juyawa, mai abu ne ke fara zuwa: "littafin Audu" *Audu's book*. Ka kiyayi *its* da *it's*. Ta farko mallaka ce, ta biyu gajarta *it is* ce ko *it has*.

Sifa kafin suna take zuwa, kuma ba ta sauyawa. Farin doki, farar riga, fararen riguna, duk *white* ce. Wajen kwatanci, inda Hausa ke cewa "ya fi", gajeriyar sifa *er* take ɗauka, doguwa kuma *more*: *taller than*, *more expensive than*. Ba a haɗa biyun, *more better* kuskure ne, haka ma *tall more than me*. Ka kuma bambanta *I am bored*, na gundura, da *I am boring*, ni ne mai gundurar mutane.

Mataki na bakwai: *in*, *on*, *at* da danginsu

"A" ɗaya ta Hausa ta isa: a gida, a ranar Litinin, a watan Yuni. Turanci ya kasa ta uku. Ta fuskar lokaci, *at* ta ƙarfe kaza ce, *on* ta rana ce, *in* ta wata da shekara ce: *at 5 o'clock, on Monday, in June, in 2020*. Ta fuskar wuri, *in* cikin abu, *on* bisa abu, *at* daidai wani bigire: *in the room, on the table, at the door*.

Bayan wannan, gaskiya ƙa'ida ta ƙare, sai sabo. Babu wani dalili mai gamsarwa da ya sa ake cewa *good at*, *afraid of*, *interested in*, *depend on*, *listen to*, *wait for*. Kada ka haddace kalma ita kaɗai, ka haddace ta da abokiyar tafiyarta. Wasu aikatau kuma ba sa son rakiya ko kaɗan: *discuss the matter*, *enter the room*, *reach the station*, ba *discuss about* ba.

Mataki na takwas: haɗa jimloli

"Idan" ma ta rabu biyu. In kana da tabbacin abin zai faru, *when*. In kana shakka, *if*. Bayan kowace daga cikinsu ba a sa *will*, ko da gobe ake nufi: "Idan ya zo zan gaya masa" ita ce *When he comes, I will tell him*. Ba *came* ba kuma, duk da cewa "ya zo" ce a Hausa. "Da na sani da na zo" ita ce *If I had known, I would have come*, ka riƙe ta a matsayin samfuri har ka kai ga sauran.

"Ko da yake ya gaji, amma ya zo" lafiyayyar Hausa ce. A Turanci ɗaya za ka zaɓa, ko *although* ko *but*. Haka *because* da *so* ba sa zama jimla ɗaya. Wajen bayani a kan suna, *who* ta mutane ce, *which* ta abubuwa, *that* tana shiga duka biyun. Hausa takan maimaita wakilin suna, "yaron da na ba shi littafi", Turanci ba ya maimaitawa: *the boy I gave the book to*. Sai "an" da "aka" da "ana", inda ba a ambaci mai aiki ba. Galibi *be* da siga ta uku ke ɗaukar su: "An gina gidan a 1990" ita ce *The house was built in 1990*.

Yadda za ka duba abin da ka rubuta

Sanin ƙa'ida daban, ta zauna a hannu daban. Ka riƙa rubuta jimla biyar zuwa goma kullum a kan abin da ka yi jiya, da abin da kake yi kullum, da abin da za ka yi gobe, don lokutan su riƙa gogayya da juna. In ka gama, kada ka duba komai a karatu ɗaya, ido ba ya kama kuskure iri-iri a lokaci guda. A zagaye na farko ka ja layi ƙarƙashin kowane aikatau, ka tambayi kanka wane ne aikau, wane lokaci ne, *s* ko *ed* ta faɗi ko tana nan. A na biyu ka bi sunaye: in tilo ne mai ƙirguwa, me ke gabansa, in akwai adadi, an yi jam'i? A na uku ka duba tambayoyi da korewa. A na ƙarshe ka duba babban baƙi, domin Turanci yana sa shi a kan *I* ko'ina ta fito, da sunayen ranaku da watanni da harsuna: *Monday, June, Hausa, English*.

Ka ware shafi guda na kurakuran da aka gyara maka, kowanne da gyararriyar jimlarsa a gefe. Bayan 'yan makonni za ka ga uku ne ko huɗu ke ta dawowa. Waɗannan su za ka mayar zagayen farko na dubawarka, har sai sun daina fitowa, sannan ka ɗauko na bayansu.